Uwar Mai Kishin Al'umma

Duk mai kama tashar rediyon Zaure a Dutse ya san muryar Falalu. Da ƙarfe huɗu na yamma ta yi, Munira mai gabatar da shirin "Kowa Ya Faɗi Nasa" ta buɗe layin waya, da wuya mutum biyu su riga shi shiga. Ba ya jira a tambaye shi suna.

"Salamu alaikum, Malama Munira. Falalu ne Mai Kishin Al'umma, daga nan Yalwawa."

Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya yi ta maimaita shi har ya zauna. Kuma a faɗi gaskiya, bakin nasa ya yi rana. Tashar ƙarama ce, ɗaki uku a wani gidan haya, rabin ma'aikatanta 'yan sa-kai, amma abin da aka faɗa a cikinta yana isa inda takardar koke ba ta isa. Falalu ya yi mako uku yana kuka da rijiyar burtsatsen unguwa, aka zo aka gyara. Ya tasa kwalbatin bakin makaranta a gaba, aka zuba siminti. A sakatariya, inda yake aiki, ba a cika ganinsa bayan azahar ba, amma mai son jin ra'ayinsa kan ma'aikata marasa zama a ofis ya san inda zai murɗa.

A cikin motarsa yake yin kiran, a tsakar gida, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a waje. Saboda haka Inna Gaji, mahaifiyarsa, sau biyu take jin kowace magana tasa. Ta fara shigo mata ta taga, sannan ta sake fitowa daga 'yar rediyon da ke kan cinyarta.

Shekara biyu ke nan da ya ɗauko ta daga ƙauyensu na bayan Ringim, bayan rasuwar mahaifinsa, wai ta zo gari ta huta. A daminar farko ta lura zare ya daina shiga allura. Kafin kaka, fuskokin mutanen gidan sun koma kamar ana hango su ta cikin hayaƙin ɗanyen itace. Ta yi ta wanke ido da ruwan sanyi, ta yi ta shafa kwalli. Da abin ya ƙi, ta tare shi wata safiya yana ɗaura agogo.

"Falalu, idon nan nawa fa yana rufewa."

Ya sunkuyo ya leƙa kamar mai duba mai a inji. "Tsufa ne, Inna. Ni ma da nake nan, sai na nesanta waya nake karanta saƙo."

"Ko za a kai ni a duba?"

"In sha Allahu. Bari wannan makon ya wuce, muna da baƙi daga Abuja."

Baƙin Abuja suka zo suka tafi. Sai aka shiga aikin tantance ma'aikata. Sai mota ta fara wani ƙara da bai yarda da shi ba, kuma ba zai ɗauki uwarsa a motar da ke ƙara ba, Allah ya kiyaye. Motar dai tana kai shi ɗaurin aure Kiyawa da Jahun, ta dawo da shi lafiya, amma hanyar asibiti ce ba ta iya bi. Da Inna ta ce ai akwai adaidaita, sai ya ɓata rai.

"Uwar Falalu a adaidaita? Me mutane za su ce?"

Ta juya wajen matarsa. Sa'adiyya ba muguwa ba ce, abin da take faɗa wa kowa ke nan, kuma ita ma ta yarda. Tana sayar da atamfa da mayafai ta waya, yatsanta ba ya sauka daga kan gilashin.

"Wallahi Inna, da ta ni ce da yau mun tafi. Amma kin san halin Abban Afra'u. In na fita da ke ba izininsa, sai ya ce na nuna ya gaza."

"To ki nemi izinin."

"Zan yi masa magana in ya huce."

Ba wanda ya san me ya ɓata masa rai, balle a san ranar hucewarsa.

Ranar da Inna ta yi karo da teburin gilashi a falo, filas ɗin shayi ya faɗi ya fashe a gaban ƙawayen Sa'adiyya, aka yi shawara don amfaninta. Ɗakinta na kusa da falo akwai tayil mai santsi, tsohuwa za ta iya zamewa. Aka mayar da ita ɗakin baya, jikin sito, inda aka jingine tsofaffin tayoyi da buhun gawayi. Falalu da kansa ya ɗauki katifar, yana haki.

"Nan ya fi miki iska, Inna. Ga banɗaki kusa."

Ta laluba bango ta gano tagar, ta laluba ta gano ƙofar. Ta ce Allah ya yi albarka.

A ɗakin nan rediyo ta zame mata abokiyar zama. 'Yarta Safiyatu, da ke aure a Ringim, ita ta saya mata, tare da wata ƙaramar waya mai maɓallai. Da rediyon take sanin lokacin salla, da ita take sanin an yi ruwa a gabas, an ga tsutsa a gero a yamma. Ta san masu kira da muryoyinsu kamar 'yan uwa: mai kayan miya da ke kawo rahoton kasuwa, makiyayin da shanunsa suka ɓata aka gano masa su cikin kwana biyu, matar da ke kira kullum ta gaida kowa ba ta da abin faɗa. Lambar wayar tashar kuwa Munira na rera ta sau goma a shiri ɗaya, har Inna ta haddace ba da niyya ba.

Wata Laraba aka kawo wani ma'aikacin lafiyar ido, Malam Yahuza, ya yi bayanin yanar ido. Ya ce farin abu ne ke rufe ƙwayar a hankali, ba ciwo, ba ƙaiƙayi, kuma aikin cire shi bai kai a dafa shinkafa ba. Ya ce duk Litinin suna yi a asibitin gwamnati. Inna ta ƙanƙame rediyon. Duk abin da ya lissafa, nata ne.

Ta jira Falalu ya ci abinci ya sha ruwa, sannan ta faɗa masa.

"Na ji shirin, Inna, ai ni na fara kira. Amma ba duk abin da aka faɗa a rediyo ake ɗauka ba. Akwai wani a ofishinmu, an yi wa kawunsa aikin, ya fito ko rana ba ya gani. Kuma layin asibitin nan, sai mutum ya yini. Ni in na bar ofis yini guda, wa zai riƙe? Bari salla ta wuce, zan nemo mai yi a gida."

Wannan alkawarin ne kaɗai ya cika. Wata Asabar ya shigo da wani mutum mai jakar fata da ƙamshin turaren wuta, wanda ya haɗu da shi a tashar mota yana tallar maganin ido da lasifika. Mutumin ya ce gadon gidansu ne, kakansa ya buɗe idon mutum dubu. Babban abin da ya burge Falalu shi ne ba kati, ba layi, kuma za a gama kafin a fara ƙwallo.

Suka zaunar da ita a tabarma. Falalu ya riƙe mata kai, Sa'adiyya ta riƙe hannuwa tana kau da fuska. Mutumin ya tura wani siririn ƙarfe a gefen idon hagu. Inna ba ta yi ihu ba, ta dai ciji mayafinta har ya huje. Da ya zare, ta ga haske, ta ga inuwar hannunsa tana motsi.

"Tana gani," in ji Falalu, yana tafa hannu. "Ka ga aiki. Su likitoci sai dogon Turanci."

Mutumin ya ce zai dawo bayan mako biyu ya yi na dama. Bai dawo ba, lambarsa ma ta daina shiga.

A kwana na uku idon ya kumbura, ya yi ja, ciwon ya hau kai ya sauko har haƙora. Tana kwance tana jin bugun jini a cikinsa kamar ana daka. Sa'adiyya ta kawo mata ƙwayar ciwon kai da tsumma mai ɗumi. Falalu ya leƙo daga bakin ƙofa, bai shigo ba saboda yana sanye da farar shadda.

"Dafin ne ke fita, Inna. Haka mutumin ya ce za a yi."

Bayan wata guda kumburin ya sauka, hasken ya tafi gaba ɗaya. Idon ya shanye, ya bar ruwa mai danƙo da ke tara ƙudaje. Falalu ya ce ƙaddara ce, kuma mumini ba ya jayayya da ƙaddara. Ya ƙara da cewa gara da ba a je asibiti ba, da yanzu duka biyun aka rasa. Ya roƙe ta kada ta faɗa wa Safiyatu, don kada hankalinta ya tashi tana goyo.

Ba ta faɗa ba. Duk Juma'a Safiyatu na kira.

"Inna, ya idon?"

"Da sauƙi."

"Yaya Falalu ya kai ki asibitin?"

"Yana ta ƙoƙari. Ayyuka sun yi masa yawa."

Idon dama ya ci gaba da rufewa, har ya zama dare da rana kawai take bambancewa. Ta daina fita tsakar gida, don ta taɓa tuntuɓe da bokiti ta faɗi, aka ce ta riƙa kira in tana son wani abu. In ta kira, talabijin ta fi ta murya. Abinci yakan zo in an tuna, a ajiye a bakin ƙofa, ta laluba ta samu ya huce, wani lokaci tururuwa sun riga ta. Maƙwabciyarsu Hassana, wadda ta saba shigowa su yi hira, an ce mata Inna ba ta son hayaniya yanzu. Wata rana Sa'adiyya ta shigo ɗibar gawayi ta tarar da ita tana salla, ta jira ta yi sallama.

"Inna, ai kudu kike kallo."

"Tun yaushe?"

"Oho. Ina jin tun da aka juya katifar."

An yi mako uku da juya katifar. Inna ta zauna a kan sallaya tana lissafin sallolin da ta yi wa kudu, lissafin ya ƙi ƙarewa. A ranar ne ta yi kukan da ba ta yi ba lokacin da ƙarfe ya shiga idonta.

Laraba ta zagayo, Malam Yahuza ya dawo shirin. Munira ta ce batun yau shi ne tsofaffi da lafiyar idonsu, kowa ya faɗi nasa. Inna ta ji an buɗe ƙofar mota a tsakar gida, ta ji gyaran murya.

"Falalu ne Mai Kishin Al'umma, daga nan Yalwawa. Malama Munira, wannan batu ya taɓa min zuciya. Mun zama al'ummar da ta watsar da iyayenta. Za ki ga mutum da babbar riga, da mota, uwarsa na can ƙuryar gida ba mai leƙa ta. Ina kira ga hukuma da ta kafa kwamiti. Ina kira ga malamai su yi huɗuba. Ni da kike ji na, mahaifiyata tana hannuna, ko ƙuda ba na bari ya sauka a kanta."

Maganar ta shigo ta taga, ta sake fitowa ta rediyo. A daidai lokacin Inna na korar ƙudaje daga idon hagu da gefen mayafi. Hannunta ya tsaya. Ta daɗe a haka, har aka karɓi kira biyu. Sannan ta laluba ƙarƙashin matashi ta ciro wayar. Ta san maɓallin tsakiya yana da ɗan ƙulli, daga shi ta ƙirga sauran. Sau huɗu ana ce mata layi na aiki. A na biyar ta ji muryar Munira a kunnenta.

"Salamu alaikum, wa ke magana, daga ina?"

"Gaji ce, 'yar nan. Daga Yalwawa."

"Sannu Inna. Ki ɗan rage rediyonki. Yauwa, muna jin ki."

Ba ta taɓa magana a gaban taro ba. Ta ce tambaya gare ta ga likita. Ta faɗi yadda abin ya fara da allura, da hayaƙin, da mai jakar fata da ƙarfensa, da kumburin. Ta ce yanzu na hagu ya mutu, na dama kuma fari kawai yake gani. Tana so ta sani ko akwai sauran abin yi, ko ta haƙura.

Malam Yahuza ya yi ajiyar zuciya, aka ji ta a rediyo. Ya ce na hagun sai ya gani, amma ba zai yi mata alkawari ba. Na dama kuwa, in yadda ta faɗa ne, kada ta bari kowa ya taɓa shi, ta zo gobe-gobe. Ya ce wa masu sauraro wannan ƙarfen da ake turawa ya makantar da mutane da yawa a ƙauyuka, duk wanda ya ga mai yi ya hana.

"Inna," in ji Munira, "wa ke kula da ke? Akwai mai kawo ki?"

Inna ba ta kira da niyyar faɗin wannan ba. Shekara biyu tana rufawa, bakinta ya saba. Amma da ta buɗe shi, sai ta ji ta gaji.

"Ɗana ne. Ba laifinsa ba ne, ba shi da lokaci, aikin al'umma ya yi masa yawa. Ai kin ji shi ɗazu. Shi ne na ƙudan nan."

Tashar ta yi tsit, har Inna ta zaci katinta ne ya ƙare. A tsakar gida kuma aka rufe ƙofar mota a hankali.

Kira ya ɓarke. Na farko ya fara da "wannan mutumin ai munafu..." Munira ta katse shi.

"Ba zagi muka zo yi ba, Malam. Tsohuwa ce ke son zuwa asibiti. Wa ke kusa da Yalwawa?"

Wani mai adaidaita, Barau, ya ce ya san layin gidan, zai zo gobe ƙarfe bakwai, kuma ba ya son ko sisi. Wata mata daga Kiyawa ta ce mahaifinta haka yake shekara uku, su sun ɗauka tsufa ne, a maimaita mata ranar. Wani daga Jahun ya ce mai jakar fatan nan ya zo garinsu makon jiya, yanzu zai je ya sanar da mai unguwa. Aka ci lokacin labarai da minti goma, ba wanda ya yi ƙorafi.

Falalu ya shigo ɗakin baya, wannan karon har ciki. Ta ji numfashinsa a kanta.

"Inna, me na yi miki? Kin tozarta ni. Duk Jigawa ta ji."

"Tambaya na yi. Sun ce kowa ya faɗi nasa."

"Maganar gida ai a gida ake yin ta."

"Shekara biyu ina yin ta a gida, Falalu."

"Kin san mutane nawa ke girmama ni? Kin san abin da na yi wa unguwar nan? Ruwan da kike sha ma..." Wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya kashe. Ta sake yin ƙara. "Ga shi nan, Safiyatu ce. Har Ringim. Yanzu me zan ce mata?"

"Ka ce mata da sauƙi. Ni ma haka nake ce mata."

Sa'adiyya ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa ita dai Allah ya gani ta sha yi masa magana, kuma wa ya sa wa Inna kati a waya. Kafin magariba Hassana ta shigo ba ta jira izini ba, da kwanon fura, mata uku na bin ta. Suka tsaya suna kallon tayoyi da buhun gawayi. Sa'adiyya ta yi bayani cewa gyaran ɗakin Inna ake yi, na ɗan lokaci ne. A yammacin aka mayar da katifar ɗakin kusa da falo. Santsin tayil ɗin ya warke.

Ƙarfe bakwai saura Barau ya tsaya a ƙofar gida yana danna oda. Falalu ya fito da sabuwar hula, ya yi masa godiya, ya ce ba a buƙata, shi zai kai mahaifiyarsa da kansa kamar yadda ya tsara tun farkon mako. Ya murɗa makulli, motar ta tashi a bugu ɗaya, ba ƙara ba tari. Barau dai bai tafi ba. Ya bi su a baya har ƙofar asibiti, wai hanyarsa ce.

Layin da ake tsoro awa ɗaya da rabi ne. Malam Yahuza ya haska idon hagu ya daɗe, sannan ya kashe fitilar.

"Wannan ya tafi, Inna. Da an kawo ki kafin a taɓa shi, da duka biyun za mu gyara." Ya juya ga Falalu. "Kai ne ɗan?"

"Ni ne. Wallahi likita, mu ma yaudararmu aka yi. Shi ya sa nake ganin ya kamata hukuma..."

"Litinin, ƙarfe takwas. Ga takardar gwaji."

Ranar Litinin ɗakin jira ya cika da tsofaffi, kowanne da mai jan sa. Ma'aikatan suka ce ba su taɓa ganin taro haka ba, har aka ɗebo benci daga wani ɓangare. Da Inna ta yi sallama, wani tsoho a ƙarshen benci ya ɗaga kai.

"Wannan muryar na san ta. Ba ke ce Gaji ta Yalwawa ba?"

"Ni ce."

"To ke kika kawo ni. Ina zaune da ɗana aka yi shirin. Washegari ya ce in shirya."

Tsofaffin suka yi ta miƙo hannu suna lalubar nata. 'Ya'yan da suka kawo su kuwa, manya-manya da su, kowa ya samu abin dubawa a wayarsa. Falalu ya fita neman ruwan sha, ya daɗe bai samu ba.

Aikin bai fi yadda aka faɗa ba. Aka rufe idon da bandeji, aka ce ta dawo gobe a buɗe. Safiyatu ta iso daga Ringim da goyonta, ta gaida yayanta gaisuwa ɗaya, ba ta ƙara ba. A wajen Inna ta kwana.

Da safe Munira ta zo asibitin da 'yar rikoda. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce masu sauraro sun dame su da tambaya, in ta yarda za a ɗauki buɗewar, in ba ta yarda ba ta zo gaisuwa ne kawai. Inna ta ce ta ɗauka. Falalu, wanda ya yi kwana shida bai kira tashar ba, ya ga rikoda sai jikinsa ya dawo daidai. Ya gyara hula, ya matso.

"Malama Munira, kafin a buɗe, ina da ɗan saƙo ga al'umma. Wannan abu da ya faru darasi ne gare mu baki ɗaya. Ni da iyalina mun zama misali, kuma ina alfahari da cewa ta dalilin gidana tsofaffi da yawa sun samu waraka. Ina kira ga 'yan uwana matasa, kada su yi wasa da haƙƙin iyaye, domin..."

Malam Yahuza ya ce ya matsa, yana tare haske. Ya ɓare bandejin a hankali, ya goge gefen idon da auduga.

"Buɗe a sannu, Inna."

Da farko hasken ya yi mata yawa, ta runtse. Ta sake buɗewa. Farin ya fara rabuwa, ya zama bango, ya zama taga, ya zama koren labule. Ta sunkuyar da kai ta ga hannuwanta a kan cinya. Ta juya su. Fata ce a kan ƙashi, jijiyoyi sun fito, ba ta san su ba. Ta ɗaga kai ta ga Safiyatu na kuka ba sauti, ta ga jaririn da ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ta ga wata 'yar siririyar yarinya da rikoda, wadda a rediyo ta zaci babbar mace ce.

Sannan ta ga ɗanta. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta dawo, ta tsaya a kan wuyan da ya yi ninki biyu a saman aikin rigar, da tumbin da ya ɗaga shaddar gaba.

"Inna, kina gani na?" Ya sunkuyo kusa da rikodar. "Faɗa wa jama'a, me kika gani?"

"Ka yi ƙiba, Falalu."

Wani a benci ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita tari. Falalu ya buɗe baki, ya nemi kiran da zai yi ga hukuma, bai samu ba.

Munira ta duba rikodar, ta duba tsohuwar.

"Inna, wannan a sa shi a shirin, ko a cire?"

Inna Gaji ta miƙa hannu ta karɓi jaririn daga wajen Safiyatu, ta kawo fuskarsa kusa da idonta ɗaya.

"Ki sa, 'yar nan. Shi ya tambaya."